Samfur Daga Ƙasan Akwati

Ni ba na ajiye awon mutum. Tun da na fara ɗinki haka nake, kuma har gobe ban ga dalilin sakewa ba. Mace ta zo da yadinta, sai na sa ta tsaya ta ɗaga hannu, na zagaya ta da tef, na rubuta da alli a bayan yadin, na yanka, shi ke nan awon ya bi iska. Ko makon jiya na auna ki, yau ma sai kin tsaya. Jikin mace ba bango ba ne da za a ce an auna sau ɗaya an gama. Da wannan taurin kan na yi suna a Garki, har ana cewa ɗinkina ba ya dawowa gyara, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin maganar.

Shagona yana hawa na biyu a wata filaza, tsakanin mai gyaran waya da wata mai turare. Na kama shi ne a shekarun da Abuja ke tashen kuɗi, lokacin da ko'ina ka waiga gini ake yi, matan ma'aikatu kuma ba sa rasa dalilin fitar da anko. An yi wa oga ƙarin girma, anko. 'Yar oga ta gama jami'a, anko. Ban taɓa tambayar kowa inda ake samo leshin ba, ni dai almakashina ba ya hutawa.

Mu biyu ne a shagon, ni da Anti, wata Kirista 'yar Filato da ta girme ni, ta kuma fi ni iya haɗa hannun riga, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba. Ni ke awo da yanka, ita ke kan keke. Kullum daga Masaka take tasowa, ni daga Karshi, mu haɗu a bakin shago kowa na zagin cunkoson hanyarta. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk abu ɗaya ne a wurinta, kuma Oga madam take ce min, musamman idan tana so ta ɓata min rai.

Sai kuma Hajiya, babbar ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya, wadda ita ce jijiyar shagon. Inda ta kai ɗinkinta, nan matan ofishinsu ke kai nasu. Na san haka sarai, don ta wannan hanyar na same su. Da can wata tela ce a Wuse ke yi musu, ta ɓata wa Hajiya wuyan riga. Hajiya ba ta yi faɗa ba, ba ta mayar da rigar ba, ta dai yi shiru ta ɗauke ƙafa, sauran suka biyo ta zuwa wurina. Mace ce cikakkiya, Allah ya yi mata jiki, kuma duk shekara sai ya ɗan ƙaru. In na auna ta na faɗi abin da tef ya nuna, sai ta harare ni ta ce, "Ƙanwata, tef ɗin nan naki ya motse a wanki."

Da annobar korona ta shigo, aka sa dokar kulle, aka garƙame filazar gab da azumi, wato daidai lokacin da tela ke samun abin da zai riƙe shi har wata shekara. Da ƙyar muka fitar da kekunanmu biyu. Hanyar Masaka ta zama shinge bayan shinge, maigidana kuma kullen ya ritsa da shi a Kano, sai na ce wa Anti ta tattaro ta dawo gidana. Muka jera kekunan a falo, muka ture kujeru gefe, muka zauna muna kallon juna. Mun gwada ɗinka takunkumin fuska, amma a lokacin duk mai allura a Abuja takunkumi yake ɗinkawa. Wata rana Anti ta ajiye wanda ke hannunta ta ce, "Oga madam, in Sallah ya wuce babu aiki, ni zan koma gida na noma dankali. Ba fushi ba ne." Na san ba fushi ba ne, kuma na san in ta tafi shagon ya mutu, don ni kaɗai ba zan iya ba.

Ana cikin haka waya ta fara ƙara. Ashe ko babu zuwa Idi, matan Abuja ba su yafe kayan Sallah ba. Wata ta ce min ko a falo za a yi Sallar, ai dai za a ɗauki hoto. Na ji kamar na yi guɗa, sai kuma na tuna ba ni da awon kowa, kuma babu mai yarda a matso kusa da ita da tef. Na gwada sa su su auna kansu ina faɗa musu ta waya. Wata ta auna ƙugunta da wayar caji, wata kuma ina jin yadda ta shaƙi iska ta riƙe kafin ta faɗi lamba. Na ce a'a, mu koma dabarar iyayenmu, kowa ta aiko da samfur. Abin da nake faɗa musu ke nan: "Ki haɗo min da rigar da ta fi yi miki daidai." Wani maƙwabcina magidanci da ke kai saƙon abinci a babur, jami'ai suna barinsa ya wuce, shi ya riƙa karɓo mana. In ya kawo ƙullin sai mu shanya shi a rana tukuna, mu wanke hannu, sannan mu buɗe.

Kashin farko da muka aika, kusan duka suka dawo. Wannan ta ce zif ya ƙi hawa, waccan ta ce rigar ta tsaya a ƙirji ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai da 'yarta ta janye ta da ƙarfi. Ni da ɗinkina ba ya dawowa! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shimfiɗa kowace riga a kan samfurinta, ko zare ɗaya babu bambanci. Na ce Anti ce ta ci ɗinki ya shige ciki, ta ce ni ce na yanka da ƙyashin yadi. Ga azumi a bakina, ga zafi, ga wutar da ba a kawowa, na faɗa mata maganganun da ba su dace ba, ita ma ba ta raga min ba. Ranar kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya, amma da magariba ta gabato na tarar ta dama min kunu ta rufe, ta ajiye.

Washegari tana ninke samfuran sai na ga ta tsaya, ta kai ɗaya hanci, ta ajiye, ta ɗauki wani.

"Oga madam, zo ka shinshina."

"Ni ba ni da lokacin wasa."

"Ka zo dai. Wannan riga bai ga rana ba tun zamanin da."

Na karɓa na shinshina. Kafur ne, irin wanda ake jefawa ƙasan akwati saboda ƙwari. Na duba da kyau, ga karin ninki ya kwanta a jikin rigar kamar da shi aka saƙa ta, launinta ko kaɗan bai koɗe ba. Na ɗauki na biyu, kafur. Na uku, kafur. Nan take na kira ɗaya daga cikin masu ƙorafin, na ce, "Hajiya ƙarama, don Allah yaushe rabonki da sa rigar nan da kika aiko?" Ta ce, "Ina jin tun sunan autana." Autan nan na san shi, da kansa yake hawa benen shagona yana cin biskit da jakar makaranta a baya.

Muka yi dariya har Anti ta zauna a ƙasa. Ni na ce su aiko da rigar da ta fi yi musu daidai, su kuma suka aiko da wadda suka fi yin kyau a cikinta. Wace mace ce a Abuja za ta bari rigar da take sawa kullum, wadda wanki ya cinye, ta fita daga gidanta ta ratsa gari a bayan babur ta je hannun tela? Kowa ƙasan akwati ta nufa, ta zaro ta zamanin da ƙugu yake ƙugu. Ga kuma zaman kulle, babu ofis, babu hawa bene, daga kujera sai firji.

Daga ranar muka kafa doka: hanci kafin tef. Samfurin da ke ƙamshin sabulu, ko turaren wuta, ko ɗan hayaƙin kicin, wanda hammatarsa ta ɗan koɗe, shi muke bi sau da ƙafa. Mai warin kafur kuwa, sai na ƙara yatsa biyu ko uku a kowane gefe, na kuma bar sarari a cikin ɗinki ko da za a buƙata. Na riƙa roƙonsu ta waya, "Wadda kike girki da ita nake so, wallahi ba wanda zai gani sai ni." Wasu suka yarda, suka aiko a naɗe cikin leda kan leda, da ban haƙuri kamar sun yi laifi. Ban san lokacin da na fara son waɗannan rigunan ba. Na yi shekaru ina auna matan nan cikin gwala-gwalai, amma sai a lokacin na san wadda ke soya da kanta har mai ya fantsal mata, da wadda ke goyon jika har bayan rigarta ya saki. Ɗinkunan da aka dawo mana da su muka buɗe su muka yi musu ƙari da ragowar yadi, sababbin kuma suka riƙa zama a jiki. Aiki ya kankama, kekunan biyu suka koma kuka tun safe.

Sai dai Hajiya shiru. Duk wadda ta kira daga ofishinsu sai ta tambaya, "Hajiya ta aiko da nata?" In na ce tukuna, sai na ji muryarta ta ɗan sauya. Na kira ta ba ta ɗauka ba, na sake kira ba ta ɗauka ba. Na ce shi ke nan, labarin rigunan da suka matse ya kai mata.

Ana saura kaɗan Sallah sai ga saƙo daga 'yarta, wata budurwa da ke rako ta shago wani lokaci, cewa a zo a karɓi ɗinkin Momi. Da muka buɗe ƙullin sai da Anti ta yi salati irin namu. Leshi ne ruwan zuma, mai nauyi, wanda ban taɓa riƙe irinsa ba, kuma iya doguwar riga ɗaya ne, babu rarar da za a gyara kuskure da ita. Samfurin kuwa ba sai an kai shi hanci ba, kafur ɗinsa ya cika falon. Wata koriyar riga ce da na gane tun kafin a warware ta, don ni na ɗinka ta a shekarar farko da Hajiya ta fara zuwa wurina. In aka ce yau ta sa ta, ko hannu ɗaya ba zai shiga ba.

Na kira 'yar. "Don Allah ki samo min wadda take sawa yanzu, ko ta barci ce."

"Madam, wannan kaɗai za mu iya aikowa."

"To ba ni ita mu yi magana."

"Tana hutawa. Ta ce dai kin san abin da take so."

Ta kashe wayar. Na yi tsaki na ce manyan Abuja ke nan, ko a kulle ma sai ka bi ta sakatare. Na zauna da leshin a gabana na kasa sa almakashi. In na bi samfurin, na ɓata. In na ƙara, da me zan auna ƙarin? Anti ta ce, "Ka ƙara. Hannunka ya san jikinsa." Gaskiya ta faɗa. Na rufe ido na tuna yadda nake zagaya Hajiya da tef, yadda sai na ɗan sunkuya kafin hannayena su haɗu a bayanta, da faɗin kafaɗarta, da inda take so rigar ta sake. Na ƙara mata ma ɗan abin da zaman gida zai iya kawowa. Na yi bisimilla na yanka. Anti ta haɗa ta a hankali kamar mai ɗaukar jariri, muka sa mata shafi mai laushi, na yi kalmasar da hannu. Tun da nake ban taɓa fitar da riga mai kyawunta ba.

Muka aika, sai shiru. Sallah ta zo, hotuna suka yi ta shigowa wayata, kowa a falonta ta karkace tana murmushi, babu na Hajiya. Babu godiya, babu ƙorafi. Na fi son a zage ni da irin wannan shirun, don na san ma'anarsa. Anti ma ta sani. Ta ce, "Wannan shiru irin na Wuse ne," ta kuma fara tambayar maƙwabcina ko motocin Jos sun fara tashi. Tsoro ya kama ni sosai, abinci ma ya daina yi min daɗi.

Sai da aka sassauta kullen sannan 'yar ta kira, ta ce Momi na son ganina a gida. Na sa takunkumi, na ɗauki tef da almakashi da abin farke ɗinki, na tafi ina shirya kalaman ban haƙuri a hanya. Aka ajiye min kujera a baranda, aka ajiye wata can nesa da ita. Can sai ƙofa ta buɗe, 'yar ta fito riƙe da gwiwar hannun wata tsohuwa. Rigar na fara ganewa, sannan matar. Leshin ya zubo mata kamar an rataye shi a ƙusa, kafaɗun sun sauko har tsakiyar damtse, wuyan ya buɗe ana ganin ƙashi. Hajiya ce, amma an kwashe rabinta.

Ta zauna, ta ɗauki lokaci tana mayar da numfashi. 'Yar ce ta yi min bayani. Korona ce ta kama ta, ciwon ya kwantar da ita a wurin killacewa har an fara fitar da rai. Ba su faɗa wa kowa ba, don a lokacin in aka ji gida na da shi, ko mai kawo ruwa sai ya daina zuwa. Daga gadon asibitin ta matsa sai an kai leshinta wurin tela. Kayan da take sawa duk an ƙulle su an ajiye gefe, 'yar kuma ta ji tsoron aiko mana da cuta a jikin tufa, shi ya sa ta zurma hannu har ƙasan akwati ta zaro wadda ta tabbata uwarta ta yi shekaru ba ta taɓa ba. Saboda mu ta yi haka, ni kuma ina can ina yi mata tsaki. Da na bi koriyar rigar nan yadda take, da ta zauna mata cif.

Hawaye suka jiƙa min takunkumi. Na ce, "Hajiya, ki yafe min, ban sani ba. Ki cire ta yanzu na tafi da ita, kafin gobe na rage ta, ba wanda zai gane an taɓa."

Ta ɗaga hannu, hannun rigar ya zame har gwiwa. Muryarta ta dishe, amma hararar nan tana nan.

"Ƙanwata, da kin taɓa rigar nan mun ɓata."

Na share idona, ta ci gaba.

"Tun da na dawo gidan nan, duk wanda ya kalle ni sai ya kawar da kai. Yaran nan sun fara cewa a rage min kayana, kamar a haka zan zauna. Ranar Sallah aka sa min wannan, na tsaya gaban madubi, na ce to, ga dai mutum ɗaya a Abuja da bai rage ni ba. Ki bar ta yadda take. Ni zan cika ta."

Ta juya wajen 'yarta ta ce a kawo mata kunun gyaɗan da ta ƙi sha da safe, a haɗo da ƙosai in akwai. 'Yar ta dube ni, idonta ya ciko, ta ruga ciki da gudu. Na koma Karshi da almakashina ban buɗe shi ba. Da na ba Anti labari ta yi ta share ido da gefen zani, sannan ta ce dama ita ba ta iya noman dankali sosai ba.

Bayan an buɗe filazar muka mayar da kekunanmu, muka ajiye bokitin wanke hannu a bakin ƙofa. Matan ofishin Hajiya suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ashe tuni ta faɗa musu inda za a kai ankon murnar tashinta. Wasu har yanzu ba su yarda da tef ba, samfur suke kawowa, su miƙo min suna cewa, "Shinshina ki ji, jiya na sa ta."

Damina ta kusa ɗaukewa ranar da muka ji ana hawo benen a hankali, ana tsayawa ana hutawa. Hajiya ce, ita kaɗai, babu mai riƙe ta, sanye da leshin ruwan zuma. Kafaɗun sun koma mazauninsu, wuyan ya kwanta. Ba ta jira na ce komai ba, ta ajiye jaka, ta tsaya tsakiyar shagon ta ɗaga hannaye.

"Auna."

Rabona da zagaya ta da tef tun kafin kulle. Na matsa, na sunkuya, har hannayena suka haɗu a bayanta. Na kama gefen rigar na tsunkulo abin da ya rage tsakaninta da jiki.

"Saura yatsa biyu, Hajiya."

"Tef ɗin nan naki dai," in ji ta, "yanzu kuma miƙewa ya yi."

Anti ba ta ko ɗago daga kan keke ba ta ce, "Hajiya, ka ƙara tuwo. Saura kaɗan."